Fayil Yana Teburin Wa? Waiwaye Kan Tafiyar Takarda a Ƙasar Rano

Duk wanda ya taɓa neman sa hannun hukuma a ƙasar Rano ya san cewa rubuta takarda shi ne mai sauƙin. Wahalar tana farawa ne bayan an miƙa ta. Malamin firamare a Tarai da ke jiran ƙarin girma, da tsohon ma'aikacin asibiti a Rurum da ya ajiye aiki yana jiran haƙƙinsa, da yaron Saji da ke neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma domin shiga makaranta ko aikin ɗamara, duk sana'a guda suka koya ba da son ransu ba, wato bin takarda. A yi sammako, a biya ɗan acaɓa zuwa sakatariya, a zauna a kan benci, a gaida masinja, a ji cewa mai sa hannu ya shiga Kano sai jibi. Idan kuwa takardar ta haura birni, sai a bi bayanta ta Bunkure da Karfi har Sakatariyar Audu Bako, a sake sabon zama. Mutanenmu na cewa zuwa da kai ya fi aike, kuma a sha'anin fayil sun yi gaskiya, domin shekara da shekaru babu wani aike da ke fitowa daga ofis zuwa ga mai takarda. Yanzu ana ta maganar mayar da aikin ofis cikin kwamfuta, inda manhaja za ta riƙa tura saƙo da kanta duk lokacin da takarda ta motsa. A ganina tambayar da ta fi nauyi a wannan sauyi ita ce: wa aka saita manhajar ta sanar? Idan ma'aikata kaɗai za ta riƙa yi wa magana, mutumin da ke kan benci zai ci gaba da zama a inda yake.

Sanarwa daɗaɗɗiya ce a mulkin ƙasar nan. Rano na cikin Hausa Bakwai, har yau ana kiran sarkinta Autan Bawo. Kafin zuwan Turawa yawancin hakiman Kano a birni suke zaune, jakadu ne ke kai umarninsu garuruwan da ke ƙarƙashinsu, su karɓo haraji, su dawo da labari. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, cikin 'yan shekaru suka sa hakimai su tare a gundumominsu, aka daidaita matakan da muka sani: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki, ga Di'o a gefe yana duba littattafai. Abin lura shi ne alƙiblar saƙon. Idan daga sama ya taso, lokacin haraji ko jangali ko sammacin alƙali, yakan iso da wuri kuma ba ya ɓatan hanya. Idan kuwa talaka ne ya kai kukansa sama, babu wanda aka ɗora wa alhakin dawo masa da amsa. Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano bayan hawansa gwamna a 1979, amma ɗabi'ar ofis ta kiran mutum idan ana nemansa, da yin gum idan shi ke nema, ta zauna daram.

Ya kamata a yi wa fayil adalci. Tsarin da muka gada daga zamanin En'e, aka ci gaba da shi bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya shirya shi ya yi tunani. Takarda takan shiga ta rajista, a buga mata hatimin ranar karɓa, a ba ta lamba. A bangon fayil ana rubuta wanda za a kai wa da kwanan wata. Kowane jami'i ya rubuta ra'ayinsa ya tura gaba, masinja ya ɗauka da littafin da ake sa hannu cewa an karɓa. Har tanadin tuni akwai: jami'i na iya rubuta a dawo masa da fayil ranar kaza, akawun rajista ya shigar a littafinsa, ranar na zuwa ya ciro ya kai. Kusan duk abin da manhajar yau ke taƙama da shi, akwai shi a tsohon tsarin, da tawada da ƙafar masinja. Giɓinsa guda ne: duk wannan sani a cikin ginin yake tsayawa. Mai takarda ba shi da hurumin buɗe littafin rajista, tafiyar kuma doguwa ce, domin batun ma'aikaci daga mataki na bakwai zuwa sama sai ya je hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi a Kano, na malamin firamare kuma ya bi ta ofishin sakataren ilimi zuwa SUBEB. Daga nan ne bin fayil ya zama kasuwa. Wanda ya san teburin da takardarka take ya mallaki abin da kake nema, kuma ba kowa ke ba da shi kyauta ba. Akawuna da masinjoji da yawa sun taimaki bayin Allah don Allah, wannan ba a musu. Amma tsarin da ya rataya haƙƙin mutum a kan kirkin wanda ya tarar a bakin ƙofa, mai rauni ne ko da mutanen cikinsa na gari ne.

Canjin da ya fara taɓa kowa daga banki ya fito. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, sabis ya yi ta bazuwa sannu a hankali zuwa garuruwan kudancin Kano, sannan aka daina biyan albashi a kan tebur. A da kashiya ne ke ɗauko kuɗi, ma'aikata su yi layi, kowa ya sa hannu a bauca ya karɓi nasa, ranar biya kuwa sai dai a tsince ta a bakin mutane. Da aka koma biya ta asusu, sai alat ya zama mai shelar ƙarshen wata. Wannan ɗan saƙo ya nuna wa mutum cewa ana iya yi masa magana kai tsaye ba sai ya je ya roƙa ba, kuma maganar na ɗauke da rana da adadi, ta yadda wanda aka zaftare wa wani abu yana da shaida a aljihunsa. Sai dai alat ƙarshen zance yake faɗa. Ba ya cewa komai game da teburan da takarda ta ratsa kafin nan, alhali a kansu ne watanni ke salwanta.

Manoman Rano da Kibiya, masu dawa da gero da gyaɗa da masu noman rani da ruwan madatsar Tiga, sun ga gwajin da ya fi wannan kusa da batunmu. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan gona, gwamnatin tarayya ta fito da rabon taki ta waya. Manomi ya yi rajista, idan lokaci ya yi saƙo ya shigo masa cewa ya je cibiya kaza ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi, haɗe da iri. Manufar a fili take: a kauce wa 'yan tsakiya da suka daɗe suna karkatar da takin gwamnati, ta hanyar sanar da mai haƙƙi shi da kansa. Inda saƙon ya isa ya yi amfani, domin da wuya a ce wa mutum babu sunansa alhali ga shi a rubuce a wayarsa. Inda ya gaza kuma, dalilan sanannu ne: ƙauyen da ba sabis, manomin da ba shi da waya ko ya ba da lambar ɗansa da ke ci-rani, saƙon da mai shi bai iya karantawa ba, da takin da ya iso bayan shuka ta yi nisa. Shekara biyar bayan haka, a 2017, JAMB ta kawo tsarin da ya ɗara wannan: makaranta ta gabatar da sunan ɗalibi, JAMB ta amince, ɗalibin kuma yana iya ganin inda maganarsa ta kwana, sannan sai shi da kansa ya karɓi gurbin ko ya ƙi. Tsarin na da nasa koke-koken, amma ya yi abu guda mai girma, ya mai da mai haƙƙi ɗaya daga cikin masu sa hannu.

Mayar da aikin ofis cikin kwamfuta yana gangarowa zuwa ƙananan hukumomi. Ofishin shugabar ma'aikatan tarayya ya sa ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su bar fayil na takarda, ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko da aiwatar da hukuncin na jan ƙafa, alamarsa ita ce sa hannu da yawa zai riƙa ƙarewa a sakatariyar Rano da ta Kibiya, kuma ba da daɗewa ba masu sayar da manhaja za su ƙwanƙwasa ƙofa. Saboda haka yana da kyau a fahimci yadda abin ke aiki. Manhaja ba ta tura saƙo don ra'ayin kanta, mutum ne ke zama ya saita. Shi zai zaɓi abin da ke tayar da saƙo: an karɓi takarda, ta koma tebur na gaba, an amince, an dawo da ita don gyara, an ƙi, ko ta yi kwana kaza ba a taɓa ta ba. Shi zai zaɓi wanda za a aika wa, ta imel ko saƙon kar-ta-kwana, da kalmomin da za a rubuta. Aikin ba ya cin lokaci a hannun masani, kuma saboda ƙanƙantarsa akan bar shi ga ɗan kwangila ko matashin da ke kula da kwamfutocin ofis. A nan haɗarin yake. Yawancin irin waɗannan manhajoji don kamfanoni aka gina su, inda mai nema da mai amincewa duk 'yan gida ɗaya ne, kuma wanda ya shigar da takarda shi manhaja ke ɗauka a matsayin mai ita. A ƙaramar hukuma kuwa akawun rajista ne zai shigar. Idan aka bar saitin yadda ya zo, duk saƙon "an amince" da "an dawo da ita" wurin akawu zai tafi, matar marigayi da ke Durba tana jiran haƙƙin mijinta ba za ta ji komai ba. Sanin zai sake taruwa a hannun mutum guda, sai dai yanzu cikin sauri. Gyaran kuwa ƙarami ne: a buɗe gurbin lambar wayar mai takarda tun a wurin karɓa, a hana manhaja wucewa gaba sai an cika shi, a sa shi cikin waɗanda ake sanarwa a kowane mataki.

Abin da saƙon zai faɗa ma abin zama a yi shawara ne. "Ana kan aiki" ba labari ba ne. Mai takarda yana son ya ji ofishin da take, da ranar da ta isa can, da abin da ya rage. Na ƙarshen nan ya fi muhimmanci, domin fayil ɗin mai ritaya kan tsaya ne sau da yawa saboda takarda guda da ta ɓace a ciki, ta kama aiki ko ta ƙarin girma na ƙarshe ko shaidar haihuwa, ba wanda ya gaya masa sai ranar da ya biya kuɗin mota ya je. Manhajar da za ta bar jami'i ya dawo da takarda ba tare da rubuta dalili ba, ba a gama saita ta ba.

Saƙon da ya fi kowane daraja shi ne wanda shiru ke tayarwa. Ba kasafai ake kashe takarda da ƙi ba, ajiye ta ake yi. Wanda ya ƙi sa hannu dole ya kawo dalili, wanda ya danne fayil a ƙarƙashin wasu kuwa babu abin kama shi. Manhaja na iya ƙirga kwanaki ba ta jin nauyin kowa: in an kai kwanakin da aka ɗiba ta tunatar da mai teburin, in an zarce ta sanar da na sama da shi, ta kuma gaya wa mai takarda cewa an yi hakan. Wannan tunani ya riga ya shiga dokokinmu. A watan Mayun 2017 Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a umarnin da ya wajabta wa ma'aikatun tarayya bayyana sharuɗɗa da wa'adin kowace irin amincewa, ya kuma ce buƙatar da wa'adinta ya wuce ba amsa, a ɗauka an amince da ita. A 2023 aka shigar da wannan cikin dokar sauƙaƙa kasuwanci. Ba na goyon bayan a kwaso shi gaba ɗaya zuwa ƙaramar hukuma, domin akwai takardun da shiru bai kamata ya zama izini a kansu ba. Dokar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar riƙon fili a karkara, gonar gado da ake rigima a kanta kuwa ba abin da ƙirgen kwanaki zai yanke ba ne. Abin ɗauka shi ne wa'adin. In ba a rubuta kwana nawa takarda za ta yi a kowane tebur ba, manhaja ba ta da abin ƙirgawa, kuma yanke wannan aikin ciyaman ne da kansiloli.

Tarihin 'yan shekarun nan ya ƙara wani darasi. A 2019 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ɗaga Rano zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya da ƙananan hukumomi goma. A watan Mayun 2024 aka soke dokar da ta kafa masarautar, a watan Yuli gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta dawo da masarautar a daraja ta biyu, da Rano da Bunkure da Kibiya. Ko wane ra'ayi mutum ke da shi kan wannan, takardun da ke tashi daga ofishin hakimi zuwa sama sun sauya alƙibla sau uku cikin shekara biyar. A sakatariya ma ciyamomi da kantomomi na zuwa suna wucewa, ana yi wa ma'aji da daraktan ma'aikata canjin wurin aiki. Sanarwar da aka ɗaure da sunan mutum za ta bi shi zuwa sabon wurinsa ko gidansa, fayil ya rasa mai shi. A ɗaure ta da kujera, a kuma sa wa wani alhakin sabunta lambar wanda ya hau.

Za a ce wannan duk zancen birni ne: wuta ba ta tsayawa, sabis na zuwa yana ɗaukewa, mutane da yawa ba sa karatun boko. Gaskiya ne, kuma gwajin taki ya tabbatar. Amma wannan hujja ce ta a saita abin daidai da wurin. Saƙon kar-ta-kwana na shiga ƙaramar waya ko sabis ya yi rauni, kuma yakan jira mutum ya fito inda ake samu. A rubuta shi da Hausa, gajere. Wanda ba ya karatu a kira shi da muryar da aka naɗa. A ba shi damar ƙara lamba ta biyu, ta ɗa ko ƙani ko dagacinsa, sannan duk mako a buga jerin lambobin fayil da matsayinsu a liƙa a sakatariya da ƙofar hakimi. Wannan ya kuma amsa masu fargabar cewa na'ura za ta rage wa iyayen ƙasa daraja. Shaidar da mai unguwa da dagaci ke bayarwa cewa wane ɗan wane ne, gonar nan ta gidan su wane ce, babu kwamfutar da za ta ba da ita. Dagacin da ya san inda takardun mutanensa suka tsaya ƙarfinsa ƙaruwa yake yi. Sai dai a tuna cewa waya ɗaya a gida kan ratsa hannu da yawa, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane. Kada a rubuta adadin kuɗi ko irin ciwo a saƙo, lamba da mataki sun wadatar.

Za a kuma ce yawan saƙo zai sa a daina dubawa, 'yan damfara kuma su samu sabuwar ƙofa. Duka biyun abin tsoro ne na gaske. Jami'in da wayarsa ke ƙara a kan kowane fayil zai kashe sautin cikin mako guda, don haka shi a tara masa jeri ɗaya kowace safiya, a keɓe saƙo na daban ga abin da wa'adinsa ya wuce. Game da damfara, mutanen da suka sha ganin saƙon ƙarya da sunan banki ana neman BVN ko lambar sirri suna da dalilin ɗari-ɗari. Sai hukuma ta tsaya a kan suna guda na aikawa, ta shelanta a rediyo da masallatan Juma'a da kasuwanni cewa saƙonta ba ya neman kuɗi, ba ya neman lambar sirri, ba ya cewa a kira wani.

Sukan da ya fi nauyi shi ne cewa jinkirin da ya fi cin rai na rashin kuɗi ne. Gwamnatin da ta hau a Kano a 2023 ta ce ta gaji bashin garatuti na kimanin naira biliyan 48, kuma babu saƙon da zai cika baitulmali. Na yarda. Amma jira iri biyu ne, jiran sa hannu da jiran kuɗi, kuma cakuɗa su ne ke ba da damar zalunci. Dattijon da aka gaya wa cewa takardunsa sun cika ranar kaza, an amince, shi ne na kaza a layi, ya huta da zirga-zirga, kuma ranar da aka tsallake shi aka biya na bayansa zai gane. Haka ma masu cewa jami'i zai riƙe takarda a aljihun tebur ya ƙi shigar da ita. Zai iya, amma idan jama'a suka san cewa saƙon farko shi ne rasit, ba za su bar bakin rajista ba sai ya shigo. Manhaja ba ta gyara halin mutum. Abin da take yi shi ne barin sawu, mai rana da sa'a da sunan kujera, wanda mai binciken kuɗi zai iya bi, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mai niyyar danne fayil ya sake tunani.

Kirana ga ciyamomi da kansilolin Rano da Kibiya da Bunkure, da shugabannin NULGE da NUT da ƙungiyar 'yan fansho: ranar da aka kawo muku manhaja, kafin ku sa hannu a kwangila, ku ce a shigar da takarda guda ta gwaji da lambar wani daga cikinku, ku ga abin da zai shigo wayarsa a kowane mataki, da abin da zai faru idan aka bar ta mako biyu ba a taɓa ba. In ba abin da ya shigo, kada ku karɓa. Kafin kwamfutar ta iso ma akwai abin yi tun gobe: a ja layi guda a littafin rajista don lambar wayar mai takarda, a ba akawu waya da kati, a umarce shi ya riƙa sanar da mutane duk ranar da fayil ɗinsu ya bar tebur.